KWANA BIYAR A SARAYEBO, BIRNIN DA DUWATSU SUKA YI WA ZOBE

Jirginmu bai cika awa biyu da tashi daga Santambul ba sai aka ce kowa ya ɗaura ɗamara, za mu sauka. Na leƙa ta taga ina neman gari, ban ga komai ba sai duwatsu, wannan na bin wancan, duk kurmi ya lulluɓe su kore shar. Har na soma tambayar kaina ina matuƙin nan zai sami filin sauka, sai jirgin ya karkata, kwaram ga wani dogon kwari ya buɗe a ƙarƙashinmu, cike da gidaje masu jan rufi da hasumiyoyin masallatai. Wannan shi ne Sarayebo, babban birnin ƙasar Bosniya da Harzagobina, a kudu maso gabashin Turai.

Yawancin manyanmu sun san sunan garin nan ne ta bakin rediyo, tsakanin 1992 da 1995, sa'ad da kusan kullum sai an ba da labarin mutanen da aka kashe a cikinsa. Ni ban yi wayo ba a lokacin, saboda haka abin da na tafi da shi ji ne kawai. To, masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Na yi kwana biyar a can cikin watan Satumba, na shiga kasuwa, na yi salla a masallacin da ya kusa shekara 500, na hau dutse, na kuma sunkuya na shiga rami. Abin da na dawo da shi, wanda na ke so mai karatu ya riƙe tun daga nan, shi ne cewa duwatsun da ke jawo baƙi zuwa garin a yau, su ne dai aka hau aka yi wa mutanensa ruwan wuta shekara kusan huɗu. Baƙon da ya je ya ga ɗaya bai ga ɗayan ba, ya yi rabin tafiya.

YADDA GARIN YA KE ZAUNE

Sarayebo na kwance ne cikin kwari mai tsawo, daga gabas zuwa yamma, wani ɗan kogi da a ke kira Milyatska ya ratsa tsakiyarsa. Tsayin garin daga gaɓar teku ya ɗan haura mita 500. Ta kudu maso gabas dutsen Tirebebic ne ya tsaya a kansa, mai tsayin fiye da mita 1,600, bayansa kuma ga Yahorina mai mita 1,916. Ta kudu maso yamma akwai Igman, sa'an nan Biyelashnitsa mai mita 2,067. Ta arewa ma tuddai ne, gidaje sun bi jikinsu sun hau kamar matakala. Ƙidayar 2013 ta nuna mutum kimanin 275,000 ke zaune cikin birnin.

Da ya ke kwarin ba shi da faɗi, garin bai sami damar bazuwa ko'ina ba, sai ya yi ta miƙewa yamma. Wannan ya sa duk wanda ya mulki ƙasar ya ɗora nasa ginin daga inda na gabansa ya tsaya. A ƙarshen gabas akwai unguwar da Turkawa suka gina, da ƙananan rumfuna da lunguna. In ka ɗan taka sai ka shiga manyan benaye irin na mutanen Ostiriya, waɗanda suka karɓi ƙasar a 1878. In ka ƙara gaba sai dogayen gidajen siminti na zamanin Yugosilabiya. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari mai aiki da lantarki da ke bin wannan layi daga tsohuwar kasuwa har Ilija a ƙarshen yamma. Tun 1885 aka soma shi, da dawakai ke jan taragon, aka mai da shi na lantarki a 1895. Wanda ya zauna bakin taga ya bi shi daga farko har ƙarshe ya karanta tarihin garin ba tare da ya buɗe littafi ba.

TSOHUWAR KASUWA

Na sauka a wani ƙaramin masauki kusa da tsohuwar kasuwa, wadda su ke kira Bashcarshiya. Daga nan garin ya faro. Wani hakimin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Isa-beg Ishakobic, shi ya kafa shi wajen 1462, ya gina masallaci da kasuwa da gada da masaukin fatake da kuma fada. Daga kalmar Turkanci ta fada, watau saray, sunan garin ya fito.

Amma wanda ya ɗaukaka birnin shi ne Gazi Husreb-beg, gwamnan Bosniya, wanda ya gina babban masallacin da ke ɗauke da sunansa a 1531, ya kuma kafa makaranta da ɗakin littattafai a 1537. Ya bar dukiyarsa wakafi domin riƙon waɗannan wurare, har yau kuwa makarantar na yaye ɗalibai, masallacin na cika ran Jumma'a. Kabarinsa na nan cikin harabar. Na yi alwala a mashayar da ke tsakar gidan, ƙarƙashin manyan itatuwa, ruwan sanyi ƙalau kamar an fito da shi daga randa da asuba.

Gefen masallacin akwai hasumiyar agogo wadda ta rikita ni a ranar farko, domin lokacin da ta nuna bai yi daidai da na hannuna ba. Ashe agogon nan lissafinsa daban ne: ƙarfe 12 nasa ita ce faɗuwar rana, watau lokacin Magariba. Tun da ya ke rana ba ta faɗuwa a lokaci guda kullum, akwai ma'aikaci na musamman da ke hawa hasumiyar bayan 'yan kwanaki yana daidaita shi.

A tsakiyar kasuwar akwai wata mashaya ta katako mai ƙubba, tattabaru sun yanyame ta. Sunanta Sebil, an fara gina ta a 1753, siffar da ta ke da ita yanzu kuwa ta 1891 ce. Da jin sunan na gane asalinsa, sabili ne, ruwan sha fi sabilillahi. Haka na riƙa tsintar kalmomin da kunnen Bahaushe ba zai ɓata ba: wakafi su kan ce bakuf, sa'a su ce sahat, gahawa kuwa kahba.

Gahawar ma sai an koya wa baƙo shanta. A kan kawo ta a wata 'yar butar tagulla mai dogon mariƙi, da ɗan finjali, da ƙwayar sukari, da alewa mai laushi. Ba a zuba sukarin a ciki, sai ka gatsa, ka bar shi a baki, ka kurɓa a kai. Ba a kuma yi mata gaggawa. Abincin da ya fi suna shi ne cebapi, niƙaƙƙen nama ne da a kan mulmula kamar yatsu a gasa a kan gawayi, a zuba cikin gurasa mai taushi da ɗanyar albasa.

A layin maƙeran tagulla ne na fara cin karo da yaƙin. Tun daga nesa ka ke jin ƙarar guduma. Cikin farantai da butoci sai na ga waɗansu dogayen kwalabe na ƙarfe an yi musu zane mai kyau, na tambaya. Maƙerin, wani dattijo, ya ce kwanson harsashin igwa ne, sun mai da shi abin zuba furanni. Ƙananan kwanson bindiga kuwa alƙalamai su ke yi da su.

MAƘWABTA HUƊU

Daga ƙofar masallacin Gazi Husreb-beg, tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa zuwa tsohuwar majami'ar Kiristocin Otodoks, da wurin ibadar Yahudawa wanda aka gina a 1581, da babbar majami'ar Katolika wadda aka keɓe a 1889. Yahudawan zuriyar waɗanda aka kora ne daga Sifen a 1492, Turkawa suka ba su mazauni.

A gidan tarihi na ƙasa akwai wani littafin ibada na Yahudawa mai zane-zane, wanda aka rubuta da hannu a Sifen wajen 1350, a ke kiransa Haggada ta Sarayebo. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da sojan Jamus suka zo nemansa, wani malami Musulmi mai kula da littattafan gidan, Darwish Korkut, ya fitar da shi a ɓoye, aka kai shi wani ƙauyen Musulmi cikin duwatsu har yaƙi ya ƙare. Mutanen garin na alfahari da wannan labari ƙwarai.

Ya kamata mai karatu ya san abu guda a nan. Musulmin Bosniya, da Sabiyawa masu bin Otodoks, da Kuroshiyawa masu bin Katolika, kamanninsu ɗaya, kuma magana ɗaya su ke yi, kowa na jin kowa, ko da ya ke kowane ɓangare da sunan da ya ke kiran harshen. Ƙidayar 1991 ta nuna kusan rabin mutanen Sarayebo Musulmi ne, kusan kashi 30 cikin 100 Sabiyawa, saura Kuroshiyawa da waɗanda suka ce su 'yan Yugosilabiya ne kurum. Bene guda su ke zaune, ma'aikata guda, auratayya kuwa ba ta da iyaka.

A bakin kogi akwai wata 'yar gadar dutse, Gadar Latin. A kusurwar da ke fuskantarta ne, ran 28 ga Yuni 1914, wani saurayi ɗan shekara 19, Gabrilo Princip, ya harbe Yarima Franz Ferdinand mai jiran gadon sarautar Ostiriya da matarsa Sofi. Bayan wata guda yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Wurin bai fi a tsaya mota biyu ba, har na wuce shi sau ɗaya ban sani ba.

HAWAN TIREBEBIC

Rana ta uku na ɗauki ɗan jagora, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, haifaffen garin. Ya ce kafin ya kai ni ko'ina sai mun hau Tirebebic. Da jirgin igiya a ke hawa, watau waɗansu akwatuna masu tagogin gilashi da ke tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe. An buɗe shi a 1959, yaƙi ya lalata shi, ba a sake buɗe shi ba sai ran 6 ga Afrilu 2018. Tafiyar ba ta kai minti goma ba, amma ni da ban saba ba sai da na riƙe kujera da hannu biyu.

A saman dutsen iska na kaɗawa mai sanyi, ga ƙamshin itatuwa, ga iyalai sun shimfiɗa barguna suna cin abinci, yara na guje-guje. A nan ne aka yi wani ɓangare na wasannin Olamfik na lokacin sanyi, waɗanda Sarayebo ta karɓi baƙuncinsu daga 8 zuwa 19 ga Fabrairu 1984, ƙasashe 49 suka halarta. Har Afirka ta Yamma ba a bar ta a baya ba, domin wani ɗan Sanagal, Lamine Gueye, ya shiga gasar zamiya a kan dusar ƙanƙara. Abin da ya rage a Tirebebic shi ne wata doguwar kwata ta siminti mai lanƙwashe-lanƙwashe, tsawonta kimanin mita 1,300, wadda a ke zamiya a cikinta da wani keke marar ƙafa. Yanzu samari sun cika ta da zane-zanen fenti, baƙi na tafiya ciki suna ɗaukar hoto.

Jagoran ya bar ni na gama ɗaukar nawa hoton, sa'an nan ya ja ni bakin wani gangare, ya ce in duba ƙasa. Garin gaba ɗaya na nan shimfiɗe kamar a faifai. Ina ganin masallacin da na yi salla jiya, ina ganin gadoji ɗaya bayan ɗaya, ina ganin jirgin cikin gari yana tafiya, har mutanen da ke tsallaka titi ina iya ƙirga su. Na ce masa lalle wurin nan ya yi kyau. Ya ce haka ne, kuma daidai inda na ke tsaye, da irinsa a kewayen kwarin, nan aka girke igwa. Shekara takwas kacal bayan wasannin, kwatar simintin nan ta zama maɓoyar masu harbi. Ban sake ɗaga na'urar hoto ba sai da muka sauko.

KWANA 1,425

Da Yugosilabiya ta soma wargajewa, Bosniya ta yi ƙuri'ar raba gardama ran 29 ga Fabrairu da 1 ga Maris 1992, masu zaɓe suka zaɓi 'yancin kai, amma yawancin Sabiyawan ƙasar suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Ran 5 ga Afrilu dubban mutane suka fito zanga-zangar neman zaman lafiya, aka yi harbi, aka kashe mata biyu a kan wata gada, Suada Dilberobic da Olga Sucic, ɗaya Musulma, ɗaya Bakuroshiya. Gadar na ɗauke da sunansu yanzu. Daga ranar sojan Sabiyawan Bosniya, da makaman da suka gada daga rundunar Yugosilabiya, suka yi wa birnin ƙawanya daga kan duwatsu, ba a ɗage ta ba sai ran 29 ga Fabrairu 1996. Kwana 1,425 ke nan.

An ƙiyasta cewa harsashin igwa 329 ke faɗa wa garin kowace rana in an daidaita, ran 22 ga Yuli 1993 kuwa an ƙirga 3,777. Aka yanke wuta, aka yanke ruwa. Jagorana yana ɗan shekara goma lokacin. Ya ce aikinsa shi ne ɗebo ruwa da jarka daga wata rijiya da ke cikin masana'antar giya ta garin, kuma a kowace mararraba sai ya tsaya ya saurara, sa'an nan ya sheƙa da gudu, domin duk titin da ke kallon dutse maharba na ganinsa. Da sanyi ya shigo aka sare itatuwan lambuna, da suka ƙare aka koma ƙona kujeru da takalma da littattafai. Da maƙabartu suka cika, filin ƙwallon da ke gefen dandalin Olamfik aka mai da shi maƙabarta.

Daren 25 ga Agusta 1992 aka harba wa babban ɗakin littattafai na ƙasa wuta. Ginin, wanda su ke kira Biyecnitsa, mutanen Ostiriya suka gama shi a 1896. Littattafai da takardu kimanin miliyan 2 suka ƙone. An sake gina shi, aka buɗe ran 9 ga Mayu 2014, yana kuwa cikin wuraren da baƙi suka fi shiga. A kasuwar Markale harsashi guda ya kashe mutum 68 ran 5 ga Fabrairu 1994, wani harin a wurin ya kashe 43 ran 28 ga Agusta 1995. Bayan wannan da kwana biyu jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO suka soma kai wa masu ƙawanyar hari, aka kuma sa hannu kan yarjejeniyar Dayton a Faris ran 14 ga Disamba 1995. A 2012, domin cika shekara 20, an jera jajayen kujeru 11,541 a babban titin garin, kujera guda domin kowane mamaci, da ƙanana domin yara. Kotun duniya da ke Heg ta yanke wa Radoban Karajic da Janar Ratko Mladic ɗaurin rai da rai, ƙawanyar Sarayebo na cikin laifuffukan da aka same su da su.

Jagoran ya nace in rubuta wani abu, ga shi kuwa na rubuta. Ba dukan Sabiyawa suka hau dutse ba. Dubbai sun zauna cikin garin, harsashi bai tambaye su addini ba, mataimakin babban hafsan sojan da ya kare birnin ma, Janar Yoban Dibyak, Basabiye ne. Ya rasu a Sarayebo a 2021.

In kana yawo a garin ka riƙa duban ƙasa. Za ka ga inda harsashi ya fasa kwalta an cike gurbin da jan abu kamar furen da aka watsa. Alama ce ta wurin da mutane suka mutu, su kan kira ta furen Sarayebo.

RAMI DA JARIDA

Filin jirgin saman da na sauka, a lokacin yaƙin yana hannun sojan Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ne kuma ya raba garin da yankin da ke hannun gwamnatin Bosniya ta wajen Igman. Masu ƙoƙarin tsallaka shi da gudu cikin dare da yawa ba su kai ba. Saboda haka a 1993 aka haƙa rami a ƙarƙashin titin saukar jirage, daga unguwar Dobrinya zuwa Butmir, da diga da shebur da baro, cikin wata huɗu. Tsawonsa kimanin mita 800, faɗinsa mita guda, tsayinsa kuwa bai wuce mita ɗaya da rabi da ɗan kai ba. Ta nan abinci da magani da makamai da mai da wayar lantarki suka riƙa shiga, ta nan aka riƙa fitar da waɗanda suka ji rauni. Bakin ramin na cikin wani gida ne na talakawa, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Na shiga ɗan yankin da a ke bari baƙi su bi, a sunkuye, ba kaya a bayana, ba ruwa a ƙafata, duk da haka da na fito sai da na dafa ƙugu.

A kan hanyar komowa na roƙi a nuna mini ofishin jaridar garin, Oslobojenye, watau 'Yanci, wadda aka kafa a 1943. Benenta na bakin fagen fama, aka yi ta harbinsa har ya rushe. Ma'aikatan, Musulmi da Sabiyawa da Kuroshiyawa, suka koma ɗakin ƙarƙashin ƙasa suka ci gaba da aiki, rana ɗaya tak jaridar ta kasa fitowa a duk tsawon ƙawanyar. Da takarda ta yi wuya suka rage shafuka da yawan abin da su ke bugawa, da masu sayarwa suka gagara 'yan jaridar da kansu suka riƙa fita da ita. Majalisar Turai ta ba su lambar Sakharob a 1993. Ni da na ke ƙorafi in wuta ta ɗauke a ofis ana dab da kai shafi maɗaba'a, na tsaya a wurin na ji kunya ta kama ni.

RUWA, ƘANƘARA DA HAYAƘI

Kada mai karatu ya ɗauka garin makoki ne. Rana ta huɗu na tafi Ilija, na bi wata miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon kilomita uku da rabi wadda manyan itatuwa suka yi wa rumfa, ba mota, sai masu tafiya da ƙafa da kekuna da keken doki. A ƙarshenta, a gindin Igman, ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, shi ne mafarin kogin Bosna wanda ƙasar ta ci sunansa. Na tarar da baƙi Larabawa da Turkawa da yawa da iyalansu. Ruwan da birnin ke sha ma mafi yawansa daga gindin duwatsun nan a ke jawo shi.

Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara kan rufe Biyelashnitsa da Yahorina, masu wasan zamiya su cika masaukai. Da bazara kuwa masu hawan dutse ne ke zuwa, waɗansu har ƙauyen Lukomir, mai tsayin kusan mita 1,500, inda makiyayan tumaki ke zaune cikin gidajen dutse, in sanyi ya matso su sauko.

Sai dai zaman kwari na da nasa haraji. Da hunturu iska mai sanyi kan kwanta a ƙasan kwarin, mai ɗumi ta danne ta daga sama kamar murfi, hayaƙin kwal da itacen da a ke ƙonawa a gidaje da na tsofaffin motoci ya rasa mafita. A irin waɗannan ranaku Sarayebo kan shiga sahun biranen da suka fi gurɓatacciyar iska a duniya, hazo kan hana jirage sauka, masu hali su hau dutse neman numfashi.

Akwai kuma iyakar da ido ba ya gani. Yarjejeniyar Dayton ta raba ƙasar gida biyu, Tarayyar Bosniya da Harzagobina da kuma Jamhuriyar Sabiyawa, da shugabanni uku masu karɓa-karɓa. Layin ya bi ta jikin Tirebebic, ya ratsa unguwar Dobrinya. Ba shinge, ba mai tambayarka takarda, sai dai ka ga tuta ta sake. Sabiyawa da yawa sun bar birnin a lokacin yaƙin da bayansa, ƙidayar 2013 kuma ta nuna kimanin kashi 80 cikin 100 na mazaunansa Musulmi ne. An gyara gine-gine, amma cakuɗar nan ta da ba ta komo yadda ta ke ba.

GA MAI NIYYAR ZUWA

Ɗan Nijeriya sai da biza, a nemi ta tun da wuri. Hanya mafi sauƙi ita ce ta Santambul. Kuɗinsu marka, kusan marka biyu ke yin yuro guda, a riƙe tsaba domin ƙananan shaguna. Daga Mayu zuwa Satumba ya fi daɗin yawo, amma ko da rani a tafi da rigar sanyi saboda saman dutse. Abincin halal ba wuya a tsohuwar kasuwa, a waɗansu wurare kuwa a tambaya. In an hau dutse kada a bar hanyar da aka shata a kutsa daji, domin har yanzu akwai wuraren da ba a gama tone nakiyoyi ba a ƙasar. Kada kuma a fara tambayar mutum ko shi wane iri ne, ko wa ya rasa a yaƙi. In ya ga dama shi zai kawo maganar, yawanci bayan finjali na biyu.

Yammacin ranar ƙarshe na hau tudun da ke bayan tsohuwar kasuwa, na ratsa maƙabartar Kobaci inda fararen duwatsun kaburbura suka jeru, galibinsu samari ne da suka rasu tsakanin 1992 da 1995, shugaban ƙasar na farko Aliya Izetbegobic na kwance a tsakiyarsu. Sama da ita akwai wata tsohuwar ganuwa inda a kan buga igwa da azumi domin sanar da shan ruwa. Matasa sun cika wurin suna jiran faɗuwar rana. Da ta faɗa bayan duwatsu sai kiran salla ya tashi daga masallatai ta kowane gefe, fitilu suka soma kamawa daga ƙasan kwarin har jikin tuddai.

Na tambayi jagorana ko yana jin haushin duwatsun nan. Ya yi dariya, ya ce dutse bai harbi kowa ba, ran Lahadi ma can zai kai 'ya'yansa. Abin da ya ce yana damunsa shi ne, a cikin waɗanda suka hau can da bindiga akwai mutanen da mahaifinsa ya yi aiki da su shekara da shekaru, kuma har zuwa makon da aka fara harbi mahaifin nasa na rantsuwa cewa irin wannan abu ba zai taɓa faruwa a Sarayebo ba. Ni da na fito daga ƙasa mai kabilu da addinai daban-daban ban ce masa komai ba. Muka sauko da ƙafa, muka sami sallar Magariba a masallacin Gazi Husreb-beg, agogon hasumiya ya ɗan gota ƙarfe 12. Allah ya zaunar da su lafiya, ya zaunar da mu.